Latti, Makara da Masbuƙi: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Wata malamar firamare daga Katsina ta ce a makarantarsu "'yan latti" suke kiran yaran da ke zuwa bayan an kaɗa ƙararrawa, sai wani ya ce mata wannan ba Hausa ba ce. Wace kalma ce daidai?

Amsa: Malama, wanda ya gaya miki haka rabin gaskiya ya faɗa. Latti ararriya ce daga "late" na Turanci, Bahaushe ya liƙa mata wasali a ƙarshe kamar yadda ya yi wa benci da fenti da tikiti. Amma baƙon da ya kai ga bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ya zama ɗan gari. In za a kori latti, sai a haɗa ta da agogo, wanda shi ma daga Yarabanci muka samo shi.

Abin da ya kamata a sani shi ne latti da makara ba gona ɗaya suke noma ba. Makara da rana ake auna ta. Wanda ya farka gari ya riga ya waye ya makara sallar asuba. Wanda ya ji ladan bai kai loma baki ba ya makara sahur. Manomin da ya isa gona hantsi ya dubi ludayi ya makara, ko da babu mai jiransa. Ita kuwa latti sai da ƙa'idar da wani ya kafa, da ƙofar da ake rufewa, da mai hukunci a tsaye. Ta shigo ne tare da boko da aikin gwamnati da jirgin ƙasa: makarantar Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, a Nasarawa ta Kano a 1909, layin dogo ya iso birnin a 1911. Ko "ƙarfe bakwai" da muke cewa daga ƙarfen da ake bugawa don shaida awa ta samo asali. Saboda haka yaron da aka tare a bakin ƙofa ana cikin asambili, aka sa shi tsallen kwaɗo ko tsintar ledoji, ɗan latti ne sak. Ma'aikacin da ya tarar an ja layi da jan biro a ƙarƙashin sunan ƙarshe cikin rajista, shi ma latti ya yi. Yaro yana iya makara amma bai yi latti ba, in ya sheƙa a guje ya riga ƙararrawa. Yana kuma iya tashi tun asuba ya yi latti, in ya tsaya kallon dambe a hanya.

Inda nake samun ciwon kai shi ne yadda ake amfani da ita. Latti suna ce, yin ta ake yi: "na yi latti". Makara aikatau ce: "na makara", ba sai an jingina mata "yi" ba. Yanzu sai ka ji mai gabatar da shiri a rediyo ya ce "ya zo latti", alhali "ya zo a makare" tana nan ba wanda ya ɗauke ta. Wani ma har da "ya sa na yi latti" a inda "ya makarar da ni" ta wadatar.

Tambaya: To mutum ɗaya fa, in ba a so a ce ɗan latti?

Amsa: Makararre, mace makararriya, jam'i makararru. In ɗabi'arsa ce kullum, makarau, a kan awon mantau.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Maraɗi yana son sanin ko makarar da ake ɗaukar gawa da makarar lokaci asalinsu ɗaya, domin ya ji mai wa'azi ya ce duk wanda ya hau makara ya makara.

Amsa: Mai wa'azin ya iya sarrafa harshe, a bar masa wannan. Amma rubutun boko ne ya haɗa su, kunne bai haɗa ba. Faɗi "ya makara" a hankali, za ka ji murya ta hau a gaɓar tsakiya ta sauko. A makarar gawa kuwa sai a gaɓar ƙarshe take hawa. Haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama suke a takarda.

Tambaya: Wanda ya tarar da liman ya yi nisa a salla, ana iya ce masa ɗan latti?

Amsa: Kada ka soma. Sunansa masbuƙi, daga Larabci, wato wanda aka riga. Kalmar malamai ce ta zaure, kuma tana ɗauke da hukunci wanda latti ba ta san da shi ba. Ana samun raka'a ne da samun ruku'u tare da liman. Wanda ya shigo bayan liman ya ɗago, sai ya bi shi a yadda ya same shi, amma wannan raka'a ba ta cikin lissafinsa. A mazhabar Malikiyya masbuƙi yana rama karatu ne, yana gini a kan aiki. Ɗauki wanda ya sami raka'ar ƙarshe kaɗai ta magariba. Liman na sallamewa sai ya miƙe, ya karanta Fatiha da sura a bayyane, ya zauna tahiya domin ita ce ta biyu a wurinsa, sannan ya sake miƙewa ya kawo wata da Fatiha da sura a bayyane, ya yi tahiya ya sallame. Da yawa a zaman tsakiyar nan suke tuntuɓe, su zarce tsaye. Ran Juma'a kuwa, wanda ya sami ruku'un raka'a ta biyu ɗaya zai ƙara, wanda ya rasa shi azahar zai kawo raka'a huɗu.

Tambaya: "Gara latti da ƙin zuwa" karin maganar Hausa ce?

Amsa: Fassara ce aka yi wa rawani. Ka ce "da babu gara ba daɗi", ka huta.

Tambaya: Wata 'yar kasuwa daga Kumasi ta ce ta kasa gane "zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri". Ba duka sammako ba ne?

Amsa: Hajiya, "wuri" na farko a maganar ba na lokaci ba ne. Wuri ne na cikin teku, wanda aka yi ciniki da shi kafin sulalla, kuma jam'insa shi ne kuɗi. Maganar tana nufin wanda ya zo da abin hannu ya fi wanda ya yi sammako hannu rabbana. Masu karanta ta a taron ɗalibai don a daina latti, kishiyar abin da suke nufi suke faɗa.

Tambaya: Jinkiri da makara ɗaya ne?

Amsa: A'a. Jinkiri ana iya yin sa da gangan, har a ce wani jinkirin alheri ne. Ba a jinkirta asuba da barci, makara ake yi.

Tambaya: Wani ɗan jarida ya ce ya ga an fassara labarin rasuwa da "mai latti Alhaji wane".

Amsa: "Late" na Turanci a nan wanda ya rasu yake nufi. Marigayi ake cewa, mace marigayiya, daga rigaya. A mayar wa mai fassarar takardarsa ya gyara.