Zauren Tambaya da Amsa: Wai me ya hana Majalisar Ɗinkin Duniya haramta ɓatanci ga addini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a Ƙauran Namoda. Tun da aka ƙona Alƙur'ani a Suwidin muke jayayya a teburin mai shayi. Wani ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa yin dokar hana ɓatanci, Turawa suka soke ta. Wani ya rantse ba a taɓa yi ba. Wa ke da gaskiya? Kuma ƙasashe 57 ne a ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, me ya hana su tsaya kai da fata a yi ta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A gaishe mini da 'yan teburi, a ce musu su sassauta rantsuwa. Ƙuduri aka yi, ba doka ba. Ƙuduri irin wannan tamkar sanarwar bayan taro ce: a karanta, a ɗaga hannu, a saka a fayil. Babu ɗan sandan da zai kama kowa saboda shi.

A 1999, shekarar da Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a nan Gusau, Pakistan ta kai wa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Jeniba daftari a madadin OIC. Da fari sunansa "ɓatanci ga Musulunci". Aka yi ciniki, ya koma "ɓatanci ga addinai", aka amince ba tare da ƙuri'a ba. Daga nan kowace shekara sai an sabunta shi, daga 2005 har Babban Zauren Majalisar ya shiga. Amma magoya baya suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. A Maris 2010 da ƙyar ya sha a Jeniba: ƙasashe 20 suka ce eh, 17 suka ce a'a, 8 suka yi rowar ƙuri'a.

Sai 2011 ta zo wa Pakistan ɗin da tashin hankali a cikin gida. A Janairu mai gadin gwamnan Punjab, Salman Taseer, ya bindige maigidansa saboda ya soki dokar ɓatanci ta ƙasar. A Maris aka kashe ministan tsirarun addinai, Shahbaz Bhatti. A ƙarshen wannan watan OIC da kanta ta ajiye tsohon daftarin ta kawo sabo, mai lamba 16/18, kowa ya amince har da Amurka. Don haka ba soke shi aka yi ba, masu shi ne suka sauya sheƙa. Sabon ya bar maganar kare addini ya koma kan kare mabiyin addini: kada a tsangwame shi, kada a hana shi aiki ko wurin ibada, kada a tunzura jama'a a kansa.

Dama yarjejeniyar 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta tanadi wannan. Sashe na 19 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, na 20 ya wajabta wa gwamnatoci hana yaɗa ƙiyayyar addini da ta kai ga tunzuri. A 2012 masana suka zauna a Rabat ta Maroko suka fitar da ma'auni shida na gane tunzurin: wa ya faɗa, a wane yanayi, da wace niyya, me ya ce, kunne nawa suka ji, kuma ko maganar na iya jawo ɓarna.

Maganar ta sake tashi bayan abin da ka ambata, ranar Babbar Sallah ta 2023 a ƙofar wani masallaci a babban birnin Suwidin. Ranar 12 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'ar yin tir a Jeniba: 28 suka goyi baya, 12 suka ƙi, 7 suka yi shiru. Amurka, Birtaniya, Faransa da Jamus na cikin waɗanda suka ƙi.

In abokinka ya ce Turawa na da fuska biyu, kada ka musa masa. Faransa ta yi doka a 1990 da ke hukunta mai musun kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa, Jamus ma na da irinta. Ingila ta riƙe dokar saɓo har 2008, kuma da Musulmi suka kai ƙarar marubuci Salman Rushdie kan zargin ɓatanci a littafinsa, kotu ta ce musu dokar Kiristanci kaɗai take karewa. Denmak ta soke tata a 2017 da sunan 'yanci, amma da ta ga uwar bari a ofisoshin jakadancinta sai ga ta a Disamba 2023 ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da ɗaurin da zai kai shekara biyu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Kowace ƙasa na da abin da ba a taɓawa, namu ne dai ba ya cikin jerinsu.

Duk da haka, Malam, da ni za a miƙa wa biro a ce in sa hannu kan dokar duniya ta hana ɓatanci, zan yi jim. Na san wasu masu karatu za su ji haushina, to a yi mini haƙuri a ji dalili.

Gidanmu na gado a Gusau tsakanin masallatai biyu yake. Da azumi, bayan La'asar, lasifiƙa biyu ke tashi. Ta gabas ta ce maulidi bidi'a ce, masu yi sun kauce hanya. Ta yamma ta ce wanda ya hana maulidi ba ya son Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Inna, Allah Ya jiƙanta, tana tsakar gida tana dama kunun tsamiya, ta kan ɗago ta ce, "Yau ma sun fara," ta ci gaba da damunta. Kowane ɓangare a cikinsu ya yi imani ɗayan ɓatanci yake yi. Alƙibla ɗaya, littafi ɗaya, kasuwa ɗaya. Yanzu ka ɗauki wannan ka faɗaɗa shi zuwa ƙasashe 193. Wa zai fassara kalmar ɓatanci?

Mai rinjaye ne zai fassara, a kowace ƙasa. Limamin da ya karanta Ƙulhuwallahu ya fassara cewa Allah bai haifa ba kuma ba a haife Shi ba, a kunnen wani ya taɓa ginshiƙin addininsa. Mai wa'azin da ya ce gunki ba ya ji ba ya gani, a Indiya wa zai kare shi in an ba masu rinjaye irin wannan doka da hatimin Majalisar Ɗinkin Duniya? Ka lura, Indiya da China duk sun ɗaga hannu tare da ƙasashen Musulmi a ƙuri'ar 2023. Ni dai ban ɗauka son Alƙur'ani ne ya ɗaga hannun China ba, ga abin da Musulmin Uigur ke gani. Tsorona kada a yi gudun gara a faɗa wa zago.

Kuma mu a nan rashin doka bai taɓa zama matsalarmu ba. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba da 'yancin magana, na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita shi don zaman lafiya. Tsohon kundin laifuka na Arewa, sashe na 210, ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyu ga mai cin mutuncin addini. Ga kotunan Shari'a. Da duk wannan a ƙasa, a Agusta 2016 mutum takwas suka ƙone a wani gida a Talata Mafara bayan zargin ɓatanci, gidan mutumin da aka ce ya taimaki wanda ake zargin. Babu alƙalin da ya ji ta bakin kowa a cikinsu. Ban ga ƙudurin Jeniba da zai tare wannan taron ba.

TAMBAYA: Malam, ni tela ce a Tsafe. An turo mini hoton wani rubutun ɓatanci a rukuninmu na WhatsApp, an ce duk mai kishin addini ya tura wa mutum goma. Na kasa barci. In tura?

AMSA: Kada ki tura, ƙanwata. Wanda ya rubuta abin wataƙila mutum ashirin suka gani a shafinsa, masu kishi ne za su kai shi wayar dubbai, har 'ya'yanki su karanta. Kuma hoton allo abu ne da yaro ɗan sakandare ke iya haɗawa da sunan wanda yake gaba da shi. Ki duba aya ta 140 a Suratun Nisa'i: in ana izgili da ayoyin Allah, umarnin shi ne kada a zauna tare da masu yi har sai sun shiga wani zance. Ki goge hoton. In sunan da ke jiki na wani ɗan garinku ne, ki faɗa wa maigida ya sanar da mai unguwa ko ofishin 'yan sanda tun kafin la'asar, kada labarin ya riga su isa tasha.