Yaya, ga abin da ke sa matanmu sauya gidan aiki

Yaya, ina gaishe ki, ki gaida Inna da duk mutanen gida a Bagalam. Kin tambaye ni dalilin da ya sa matanmu na nan Faransa ke yawan barin wannan gidan tsofaffi su koma wancan alhali albashin kusan ɗaya ne, kin kuma ce a Maradi ana cewa wankin kashin Turawa kawai muke yi. Wankin kam muna yi, kuma duk wadda ta yi jinyar uwarta ta san ba abin kunya ba ne. Ba shi ke korar mace daga aiki ba.

Gidajen ana ce musu EHPAD, wasu na gwamnati, wasu na ƙungiyoyi, wasu na ƴan kasuwa. Yawancin tsofaffin sun haura shekara 80, da dama ruɗewar tsufa ta kama su. A asibitin Maradi dangi ke jinya, su shimfiɗa tabarma, su kawo kunu da fura. Nan ƴaƴa suna wajen aiki, wani ma a wani gari, sai mai kula, wadda ta yi kusan shekara tana koyo kafin ta samu takarda. Ita ke tada tsoho, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, ta riƙa juya shi kada kwanciya ta yi masa gyambo. Likita leƙowa yake ya wuce, ita ce ta san mutumin.

To, ana jin maganarta ko ba a ji, nan gida ya bambanta da gida. Kullum akwai lokacin da masu safe ke miƙa aiki ga masu yamma, a faɗi halin kowane tsoho. A gidan da na fara, a tsaye ake yin sa cikin gaggawa, mu ba mai tambayarmu. Akwai wata tsohuwa da ke duka da cizo duk sanda aka zo yi mata wanka. Na lura in aka bar ta ta sha kofi tukuna, aka ɗumama tawul, aka fara da hannuwa kafin fuska, lafiya lau ake gamawa. Na faɗa, aka ce tsari ya ce a gama wanka kafin abincin rana, ba lokacin lallashi. Ƙarshenta maganin kwantar da hankali aka ƙara mata, ta wuni tana gyangyaɗi a kujera. Wallahi abin ya daɗe yana cin raina. Inda nake yanzu, in aka zo kan tsoho shugabarmu sai ta juyo ta ce, "Ke da kike shiga ɗakinsa, me kika gani?" A rubuta abin da na faɗa, mai dare ta karanta, gobe kowa ya bi. Gajiyar ɗaya ce, amma ina komawa gida da sanyin zuciya.

Kayan aiki ma haka. Akwai na'urar ɗaga tsoho daga gado, in ta lalace aka ƙi gyarawa, ko aka bar mace ita kaɗai a bene guda, bayanta ke biya. A 2022 ƙasar nan ta ɗauki zafi da aka fallasa cewa wasu gidajen ƴan kasuwa suna ƙididdige abinci da kush ɗin da ake ɗaura wa tsofaffi don riba. Mai kula a irin wannan gida ita ke kallon idon tsoho ta ce ya yi haƙuri. Bayan ɓarkewar korona, a 2020, an ƙara wa ma'aikatan gidajen gwamnati yuro 183 a wata, kusan jika 120 na sefa. Mun ji daɗi ƙwarai, sai dai gidan da ake raina mutane har yanzu neman ma'aikata yake.

Shi ya sa in baƙuwa ta samu aiki, a wajen suna ko zubin adashi muke zaunar da ita. Mu tambaye ta mutum nawa ke kwana da dare, shugabar tana hawowa bene ko tana ƙunshe a ofis, ana barin ki musanya rana da abokiyar aiki don Sallah, in kin yi kuskure kika faɗa koya miki ake ko tozarta ki. Sai zancen kallabi: a gidajen gwamnati doka ta hana ma'aikaci nuna alamar addini, don haka wasunmu sukan nemi na ƙungiyoyi, kodayake can ma kowane gida da ƙa'idarsa. In amsoshin ba su yi daɗi ba, cikinmu wata za ta ce akwai gurbi a wajensu.

Namu tsofaffin kuwa, da wuya ki ga an kai su can. A gida muke riƙe su, mu yi karɓa-karɓa tsakanin dangi da maƙwabta, wasu kuma da kansu suke cewa a mai da su Nijar tun da sauran ƙarfinsu.