Zancen tsinken tsintsiya da akwatin hoton ƙashi

Wa alaikumussalam Ummi, na ga saƙonki tun jiya, sai yanzu na samu zama. Kince kin ga hoton wata na'ura da turawa ke zura ƙafar yara a ciki kafin su saya musu takalmi, wai gaske ne, kuma me yasa mu har yau tsinken tsintsiya muke karyawa daidai tsawon ƙafar yaro a tafi da shi kasuwa in za a sayo takalmin sallah, ko rashin wayewa ne.

Toh gaske ne ƴata, ni kawunki na zura tawa ƙafar. Lokacin da marigayi kakanki ya je kwas Landan farkon shekarun 1960 da mu ya tafi. Akwatin katako ne dogo, Pedoscope suke ce masa a can, sai ka hau ɗan matakala ka tura ƙafa a wani rami da sabon takalmin a ƙafarka, sama kuma akwai wajen leƙawa guda uku, ɗaya na yaro ɗaya na uwa ko uba ɗaya na mai shago. Da an kunna sai kaga ƙasusuwan yatsunka cikin wani koren haske, kana motsa su suna motsi, wallahi mu yara ba takalmin ne ya dame mu ba, so muke a ƙara kunnawa. Kakarki Allah ya jiƙanta ko leƙawa bata yi, cewa take ita ba za ta kalli ƙashin ɗanta yana da rai ba.

Hasken nan fa irin na hoton ƙashi ne na asibiti, amma na likita ƙiftawa ɗaya ne, wannan ko sai a bar ƙafa a ciki wajen daƙiƙa 20, in an gwada takalmi uku an haska sau uku, kuma da yawansu hasken na yoyo ta gefen akwatin. Masu shagon su suka fi shan wahala, kullum suna kusa da shi, har hannu suke sawa su matsa takalmin yana kunne, wasu fatarsu ta ƙone. Wani likita a Boston Jacob Lowe shi ya yi rajistar abin a 1927, farkon shekarun 1950 akwai kusan 10,000 a shagunan Amurka. Tun 1949 likitoci suka fara gargaɗi a rubuce, jihar Pennsylvania ce ta fara hanawa a 1957, Ingila kam sai da suka kai shekarun 1970 kafin ya ɓace.

Kuma abin haushin, ƙashi kawai yake nunawa da zanen takalmin, bai nuna inda fata ke matsewa, dabarar jan kwastoma ce kawai.

Dan haka kar ki raina tsinken nan. Ki auna ƙafar Abdul yana tsaye ba a zaune ba, duka biyun, dan ɗaya takan ɗan fi ɗaya, ki ƙara faɗin babban yatsanki a kai saboda girma, in takalmin ya zo ki danna bakinsa kiji inda yatsan ya tsaya. Amma in likita yace a yi masa hoto a asibiti kar kice kawu ya hana, wannan daban ne. Ki gaida maigidan da yaran.