Za mu kai yara gandun dajin Lekki, ko maganin cizo na gardi ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a nan Sakkwato. Hutun nan za mu je Legas wurin ƙanena, ya ce zai kai mu gandun dajin Lekki da ɗiyana uku. Na ji birai na yawo cikin mutane a wurin, hankalina bai kwanta ba. Surukata ta karɓo mana garin magani da laya wurin wani gardi a kasuwa, wai in yara suka sha babu dabbar da za ta cije su. Ya isa ko akwai abin da zan ƙara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Ki kai su, wurin ya cancanci a gani. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ce ta kafa shi a 1990 a kan hanyar Lekki zuwa Epe, fili mai hekta 78 da ya tsira daga gine-ginen da suka cinye gaɓar tekun. Yawancinsa kurmi ne a cikin dausayi, ana bin sa ta kan titin katako, sai wani ɓangare mai ciyawa a sarari. Yaron da ya tashi yana ganin ƙaya da aduwa zai sha mamakin itacen da gindinsa ke tsaye cikin ruwa. Ku je da sassafe, lokacin tsuntsaye ke fitowa. Akwai gadar sama da aka rataya ta saman itatuwa, mai tsawon mita 401, tana lilo, kada ki matsa wa yaron da ya ji tsoro, kuma in masu kula sun ce ƙarami ba zai hau ba, kada a shiga roƙo. Katakon yana santsi da damina, a sa takalmi mai kama ƙafa. Akwai kada a dausayin, hannu ya tsaya cikin shinge.

Sai maganar garin magani, wadda ita ce ta dame ni. Malama, birin gardi ba magani ne ya hana shi cizo ba. Ki duba da kyau ran kasuwa: sarƙa a ƙugu, sanda a hannun mai shi, wani ma an karye masa fiƙa tun yana ƙarami. Birin Lekki, wanda ake kira mona, haƙoransa cif suke, kuma babu mai riƙe da shi. Ya saba da mutane, gaskiya ne, amma abin da ya koya shi ne leda na nufin abinci. Yana jin motsinta zai sauko. Yaro zai ƙanƙame biskit ɗinsa, biri zai ja, nan ake samun rauni. In kin ga ya buɗe haƙora ba dariya yake ba. Kada yara su zuba masa ido, kada su miƙa masa komai, kada su nufi mai goyo don ɗaukar hoto. Abinci ya zauna cikin jaka mai zif. In ya fizge abu, a bar masa.

Illar layar nan ba ita ce rashin aiki kawai ba. Tana sa uwa ta saki jiki, kuma in an yi cizon ta ce ai an sha magani, ta zauna. Abin da muke gani kenan kullum da cizon kare a garin nan. A kawo yaro bayan mako biyu, an shafa toka, an ɗaure da tsumma, wani ya ce a ƙona gashin karen a barbaɗa. Ciwon haukan kare da zarar alamunsa sun bayyana, tsoron ruwa da fizge-fizge, kusan ba a tashi. Kafin nan kuwa allura tana tare shi. Mai garin maganin ya karɓi kuɗinsa ya wuce wata kasuwa, ba za ki gan shi a bakin gadon asibiti ba. Ni ban hana addu'a ba, ki yi musu safe da yamma, amma wanda ya sayar miki da gari a leda ya ce ya maye gurbin asibiti cutar ki ya yi.

Kare ne ke jawo kusan duk mace-macen wannan ciwo, haɗarinsa daga biri kaɗan ne. Sai dai ba a caca da shi, ga kuma ƙwayoyin cutar bakin biri masu sa rauni ya ruɓe. Don haka in an yi cizo ko yaƙushi, ko da bai yi jini sosai ba, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ki duba agogo. Kada a ɗaure, kada a tsotsa. A sanar da masu kula, a tafi asibiti a ranar, nan Legas, ba sai kun dawo gida ba. Ki faɗa wa likita biri ne, ki tambayi allurar haukan kare da ta tetanus. Allurar ba ɗaya ba ce, akwai ranakun komawa, ki karɓi kati ki ƙarasa sauran a Sakkwato. In an ce babu ita a asibitin farko, ki nemi inda take a ranar.

Surukarki kuwa ki yi mata godiya, niyyarta mai kyau ce. Garin da ba ki san abin da ke cikinsa ba dai kada ya shiga cikin yaran, ki sa sabulu da gorar ruwa a jakarki. Allah ya kai ku lafiya.