Na kusa gama karatun zanen kwamfuta, ta ina zan fara cin abinci da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a fannin zanen kwamfuta a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Malamai na yabon aikina, amma har yau ban taɓa yin aikin da aka biya ni ba, sai katin bikin 'yan uwa da nake yi kyauta. Ga masu zane da manhajar Canva a waya sun cika gari suna karya farashi. In nemi aikin kamfani ne, ko in buɗe nawa? Daga wani ɗalibi a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni dai da za ka ji tawa, ka ajiye maganar kamfani da ta shagon kanka tukuna, ka nemi maɗaba'a mai yawan aiki ka zauna kamar wata shida, ko da abin da za a ba ka bai wuce na mota da abinci ba. A makaranta aiki na ƙarewa ne a fuskar kwamfuta, malami ya duba ya ba da maki. A kasuwa kuwa ba a ce an gama ba sai abu ya fito a takarda ko a bana, mai shi ya karɓa ya biya. Tsakanin waɗannan biyun ne sababbin hannu suke tafka asara.

Ga misali. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, tsarin da ake kira RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK. Shuɗin da ke ɗaukar ido a waya sai ya fito a dushe a kati, uwar amarya ta ce ba wannan ta zaɓa ba. Idan ba ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe ba, wuƙar yanka za ta bar farin layi a bakin katin. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp an riga an matse shi, don haka ka ce a sake turowa a matsayin fayil, domin bugun takarda yana son dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci na hoton. Yawancin masu bugu a Najeriya da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, ko a Shomolu ta Legas ko a nan Arewa, kuma tsohon Corel ba ya buɗe fayil ɗin sabo. Ka tambayi wane Corel ne ke kan kwamfutarsu, ka adana fayil ɗinka daidai da shi, ka mayar da rubutun ya zama zane kafin ka kai, don kada salon haruffanka ya canza a can.

Akwai kuma namu na gida da littattafan koyarwa ba sa ambata. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a gurbinsu. Larabci ya fi wannan haɗari: manhajar da ba a saita ba tana rarraba haruffa ko ta juya su, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne a buga kalandar saukar karatu da Bisimilla a wargaje. In ba ka iya karantawa da kyau ba, kai wa malami ya duba.

Sai kundin ayyukanka. Ba mai tambayarka sakamakon jarrabawa, cewa za a yi mu ga abin da ka yi. Zaɓi takwas ko goma mafiya kyau ka sa a Behance, shafin da masu zane ke baje ayyukansu, da Instagram, ka fifita na mutanen gaske a kan na aji: tambarin mai kilishi, takardar jikin kwalbar turaren wuta, allon makarantar unguwa. Ka ɗauki hoton abin bayan an buga an manna.

Maganar kuɗi ita ce inda kunya ke cutar da yaranmu. Karɓi rabi kafin alƙalami. Ka rubuta wa mai aiki girman abin, da ranar karɓa, da cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Ka raba kuɗin zane da kuɗin bugu, in ba haka ba duk ranar da takarda ta tashi daga ladanka za a cike. Kada a buga komai sai ya duba sunaye da kwanan wata da lambar waya ya rubuto maka cewa ya amince. Fastar 'yan siyasa kuwa, a lokacin zaɓe akwai samu, amma kuɗi a hannu. Wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya.

Masu Canva kada su hana ka barci. Tun 2013 manhajar take, kuma kai ma za ka yi amfani da ita a aikin gaggawa. Ka bar musu fastar naira kaɗan, ka ƙware a abin da ke buƙatar karatu: tambarin da za a faɗaɗa har allon kan titi bai fashe ba, kwalin kaya, tsara littafi ko rahoton ƙungiya a manhajar InDesign.

Bayan maɗaba'a, idan aikin kamfanin talla ya samu a Abuja ko Legas ka karɓa, za ka koyi aiki da wa'adi da jure gyaran na gaba da kai. In bai samu ba, fara daga ɗakinka, kada ka yi gaggawar kama shago. Ranar da ƙungiya ko kamfani suka fara neman takardar biya da asusun kasuwanci, sai ka je ka yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.