Hukuncin Tura Manhaja Ta Yi Aiki a Wayar Mutum Ba da Saninsa Ba

Tambaya: Malam, sana'ata gina shafukan intanet. Wani ya ba ni aiki in dasa masa ɗan guntun JavaScript (rubutaccen umarnin kwamfuta da shafukan intanet ke aiki da shi) a shafinsa, duk wanda ya buɗe sai ya sauka a wayarsa ya riƙa haƙo wa mai shafin kuɗin kirifto, wato ya sa wayar ta riƙa yin lissafin da ake samun kuɗin intanet da shi. Ya ce ai ba kobon kowa aka taɓa ba. Ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Tura umarni ya gudana a na'urar wani ba laifi ba ne a kan kansa, da haka intanet take aiki. Wanda ya buɗe shafi ya ba da izini a al'adance, sai dai izinin ya tsaya ga abin da ya kawo shi: karatu, kallo ko sayayya.

Zancen ba a taɓa kobo ba kuwa bai karɓu ba. Waya ta ɗau zafi a hannu, cajin da talaka ya biya kuɗi a shago ya zube kafin azahar, batir na mutuwa a hankali, riba na tafiya aljihun wani. Malaman Malikiyya suna kiran irin wannan ta'addi, wato cin moriyar abu ba tare da ƙwace shi ba, kamar ka yi dako da jakin maƙwabci bai sani ba, kuma sun ɗora wa mai yi biyan kuɗin haya. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, sai ta kasuwanci bisa yarda. Ga kuma algus, wanda Annabi (SAW) ya ce mai yinsa ba ya cikinmu, Muslim ya ruwaito.

An ga irinsa. Wata manhaja mai suna Coinhive ta fito a 2017 tana haƙar kuɗin kirifto na Monero ta burauzar (manhajar buɗe shafuka) masu ziyara, aka yi ta cusa ta a ɓoye, har ta rufe a 2019. Manhajar Folding@home kuwa, da aka fara a jami'ar Stanford a 2000, mutum da kansa yake saukewa ya ba da aron kwamfutarsa don binciken cututtuka. Wannan ya halatta, da kyakkyawar niyya ma akwai lada.

Saboda haka, ɗana, yadda aka kawo maka aikin nan haramun ne, kuɗin da za ka karɓa ma haka, domin taimako ne a kan zalunci, aya ta 2 a Ma'ida ta hana. In mai shafin ya yarda a sanar ɓaro-ɓaro (ba a binne cikin dogon sharaɗin da ba mai karantawa ba), a jira amincewa, a sa maɓallin tsayarwa, to matsalar izini ta kau. Saura hukuncin kirifto kansa, wanda malaman zamani suka yi saɓani a kai, wannan tambaya ce daban.

Wallahu a'alam.