Tambayi Likita: Maganin zuciya ba a yanke shi dare ɗaya

Tambaya: Likita, in na firgita sai zuciyata ta riƙa dukan uku-uku. Ciwo ne?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Sinadarin adirenalin ne ke umartar zuciya ta ƙara sauri. Amma in tana haka kina zaune lafiya lau, ki je asibiti.

Tambaya: Tun da na fara shan maganin hawan jini lisinopril busasshen tari ya hana ni barci.

Amsa: Sanannen abu ne, Malam. Koma wurin likitanka ya sauya maka da irin su losartan. Mai juna biyu kuma ba ta shan ko ɗaya daga cikinsu.

Tambaya: Mahaifina ya shekara 3 yana shan atenolol, maganin zuciya da hawan jini. Wani mai magani ya ce jikinsa ya saba da ƙwayar, ya ajiye ta ya koma tafarnuwa da zoɓo. Yau kwana 4 ke nan.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kai Baba asibiti yau, kada ka bari sai gobe.

A jikin ƙwayoyin tsokar zuciya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin makarɓan saƙo. Ka ɗauke su kamar kwaɗon ƙofa, adirenalin shi ne makullinsu. Da makulli ya shiga, zuciya sai ta ƙara sauri da ƙarfi. A 1948 masani Raymond Ahlquist ya nuna iri biyu ne, alfa da beta. James Black, ɗan Birtaniya, ya haɗa maganin propranolol mai toshe na beta, ya sami kyautar Nobel a 1988. A 2012 Robert Lefkowitz da Brian Kobilka na Amurka suka sami tasu saboda gano yadda makarɓan suke da yadda suke isar da saƙo cikin ƙwaya.

Atenolol ɗin Baba toshe ramin kwaɗon yake yi don zuciyarsa ta huta. Idan aka daɗe ana toshewa, jiki kan ƙara yawan kwaɗunan. To ranar da aka janye maganin farat ɗaya, adirenalin zai tarar da ƙofofi birjik ba mai gadi. Sai bugun ya haukace, jini ya hau, ƙirji ya ɗaure, wani ma zuciyar ta buga. Shi ya sa ko mu likitoci a hankali muke rage shi, cikin mako 1 zuwa 2.

Abin yana ƙona mini rai. Mai maganin nan bai taɓa auna jinin Baba ba, kuma ba shi zai kwana a bakin gadonsa ba. Zoɓo yana ɗan sassauta hawan jini, ban musa ba, amma ba ya toshe makarɓi ko ɗaya.

Kafin ku fita, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga bugun na minti 1. In ya haura 100 yana zaune, ko yana gumi da nauyin ƙirji, ku wuce sashen gaggawa kai tsaye. Ku tafi da kwalin maganin.

Tambaya: Ina sa ƙwayar ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe. Zan iya shan maganin ƙarfin maza na 'yan talla?

Amsa: Kul, Alhaji! An sha samun sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, a ɓoye cikin irin waɗannan kwalabe. Shi da ƙwayarka hanya ɗaya suke bi wajen buɗe jijiyoyin jini, in suka haɗu jini na iya faɗuwa warwas, mutum ya sume ko ya rasa ransa. Faɗa wa likitanka damuwarka, ba abin kunya ba ne.